Abu Uku a Cikin Akwatina

Bari in fara da tambaya, kuma ku amsa mini tsakaninku da Allah. Idan aka tsare ku aka ce ku lissafa abin da ke cikin akwatinku a gaban mahaifiyarku, ba tsallake, mutum nawa ne a cikinku za su iya? Ni dai an tsare ni, kuma sai da gumi ya jiƙa mini mayafi kafin na kai ƙarshe.

Ga wanda bai san ni ba, Auta ake ce mini a gida. Shekarata ashirin da bakwai, ina aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti. Su ne suka tura ni kwas na wata uku a ƙasar waje, karo na farko da na taɓa hawa jirgin sama.

Ranar da na dawo, na tsaya a gaban bel ɗin nan mai zagayowa da kayan fasinjoji ina ta miƙa wuya. Akwatina baƙi ne, kuma tun ranar tafiya Mama ta yagi jan ƙyalle ta ɗaure masa a hannu. "Ko daga nesa kika hango, kin san naki ne," in ji ta. Baƙin akwati mai jan ƙyalle ya taho, na kai hannu, wata mata ta riga ni. Wani ya taho, wani mutum ya sure abinsa. Ashe uwar kowa a duniyar nan jan ƙyalle take ɗaurawa! Ina nan tsaye har jama'a suka watse, bel ya yi ƙara ya tsaya, ba abin da ya rage a kansa sai laima guda ɗaya.

A ofishin cigiyar kaya wata ma'aikaciya ta nemi 'yar takardar nan mai lamba da ake mannawa a bayan tikiti. Allah ya so ni ban yar ba. Ta miƙo mini fom: launi, girma, abin da ke ciki. Na rubuta kayan sawa, littattafai, tsaraba. Ban yi ƙarya ba, amma ban faɗi gaskiya duka ba. Ta ba ni lamba, ta ce kwana biyu zuwa uku.

To, abu biyu ne a cikin akwatin nan suka tsaya mini a rai. Na farko takardar shaidar kammala kwas, wadda shugabanmu ya ce sai ya ga ainihinta kafin ya saka sunana a jerin ƙarin girma. Na biyu kuwa, sai na koma baya kaɗan za ku gane.

A ƙarshen layinmu akwai wani ɗan siririn shago na gyaran agogo. Bangonsa cike yake da agogo, kuma babu biyun da suka yarda da juna a kan lokaci. Bara na kai agogon hannuna. Mai shagon ya maƙala ɗan gilashinsa a ido, ya buɗe, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ɗago ya ce, "Agogon nan lafiyarsa ƙalau. Ke ce kike gaggawa." Na fito ina jin haushi. Washegari na koma da na yayata.

Daga nan agogon bangon falonmu ya fara ciwo. Sau huɗu a shekara guda. Ni ce nake juya masa batir, Allah ya yafe mini. Mai Agogo kuma da kansa yake dawo da shi, rungume a hammata. Ina hango shi tun daga nesa, don tafiyarsa ba ta ɓuya: ƙafarsa ɗaya ta fi ɗaya gajarta tun yana yaro, in ya taka sai kafaɗa ta ɗan sauka. Kwali yake ninkawa ya cusa a takalmi, kafin yamma kuma bayansa ya ƙage, amma ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba. Ina karɓar agogon a bakin get, mu yi maganar minti biyu, in shige da gudu in turo ƙofa kafin wani ya gan mu. Sauran hirar a waya take, inda na ajiye lambarsa da sunan "Gyaran Agogo". Ina son mutumin nan. Na faɗa, kowa ya ji.

Me ya hana in faɗa wa Mama? Mama irin matan nan ce da idan faranti ya ɗan ɓalle a baki, ba ya sake hawa teburinta. Kuma tana da nata ɗan takarar: Injiniya, ɗan aminiyarta tun ta makaranta. Farar mota, turaren da ke riga shi yin sallama. Ba mugu ba ne, kada in ɗauki alhakinsa. Sau uku a rana yake turo saƙo, kuma duk iri ɗaya: "Kin ci abinci?" Ranar da zan tafi Mama ta riƙe mini hannu ta ce, "Auta, kina dawowa daga kwas ɗin nan magana ta ƙare. Na gaji da ba mutane haƙuri."

A can, kusa da masaukinmu, na gano wani tsoho mai ɗinkin takalmi na musamman, na mutanen da ƙafafunsu ba daidai ba. Ba na jin yarensa, ba ya jin nawa, da hannu muka yi ciniki. Lamba arba'in da biyu, wannan na sani, na taɓa leƙa ƙasan takalmin Mai Agogo. Tudun da za a ƙara yatsa biyu, shi ya taɓa faɗa mini cikin hira. Sai tsohon ya bubbuga cinyarsa ta dama, ya bubbuga ta hagu, ya ɗaga mini gira. Wacce? Na rufe ido. Na ga Mai Agogo yana tahowa wajena a layinmu, yana sauka ta wajen hannuna na hagu. Na ɗaga hannun hagu. Bayan sati biyu na karɓi takalmi ruwan ƙasa, fata mai laushi, na naɗe shi a shuɗin tawul ɗina na tura can ƙasan akwati.

Shi ne abu na biyu.

Kwana uku suka zama biyar, biyar suka zama takwas. Kullum da safe sai na shigar da lambar nan a waya, kullum amsa ɗaya: ana nema. Ni kuma ga son sani. Ina akwati yake zuwa idan ya ɓata? Ni ƙasa ɗaya na gani, wataƙila shi ya ga biyar. Wa ke taɓa shi? Yana can a wani lungu ana ta wuce shi, ko wata ce can take gwada rigunana a gaban madubi?

"An samu?" Mai Agogo ya turo.

"Shiru."

"Agogo ma in ya tsaya ba mutuwa ya yi ba. Me ke ciki da ya dame ki haka?"

"Takardar shaida."

"Ita kaɗai?"

"Kai dai ka cika tambaya."

Ya turo fuskar nan mai dariya. Ƙasa da shi kuma saƙon Injiniya: "Kin ci abinci?"

Rana ta tara, Juma'a da safe, shugabanmu ya ce ranar Litinin zai rufe jeri, da ni ko babu ni. Ko awa ɗaya ba a yi ba aka kira ni daga filin jirgi. Wai akwai akwatunan da takardar jikinsu ta tsinke a hanya, suna ɗakin ajiya, in zo gobe ko nawa yana ciki.

"Tare za mu," in ji Mama. "Ke ba ki iya magana da ma'aikata ba, murmushi kike musu." Kafin in buɗe baki ta ɗauki waya ta kira Injiniya. "Ɗana, gobe kana da aiki? Yauwa, Allah ya yi albarka."

Na shiga uku. Amma na ce wa kaina, ai nunawa kawai zan yi, in ja abina mu tafi.

Da safe Mama ta saka doguwar rigarta ruwan toka mai aiki a wuya, wadda take sawa idan tana so a san ba a raina ta. Ni na zura baƙar riga da mayafi ruwan zuma. Injiniya ya zo cikin fararen kaya masu kari, ya buɗe wa Mama gaba, ni na shige baya ina wasa da zoben hannuna.

Ɗakin ajiyar yana bayan filin jirgin, kuma jama'a, ban taɓa ganin wuri irinsa ba. Dogayen kantoci na ƙarfe har kusa da rufi, akwati kan akwati, warin roba da kafur. Ga keken jariri, ga sandar tsoho, ga wata ƙatuwar 'yar tsana an naɗe ta da leda tana kallon mutane. Na manta da tsorona na ɗan lokaci, na hau ƙirga baƙaƙe masu jan ƙyalle. Ashirin da uku. Na taɓo Mama na nuna mata. Ta ce, "Duk kwaikwayona suka yi."

Mai kula da wurin wani dattijo ne, gilashinsa rataye da zare a wuya, a gabansa ƙaramin akwatin katako cike da katuna. Na nufi kantocin, ya ɗaga hannu.

"A'a, 'yata. A nan ba a nunawa."

"Baba, ai zan gane nawa."

"Kowa haka yake cewa, kuma kowa mai ƙiba yake ganewa." Ya shafa katunan. "Shekarata ashirin da shida a ɗakin nan. Duk akwatin da ya zo ba suna, ni da abokin aikina muke buɗewa, mu rubuta abin da ke ciki a kati, mu rufe. Ke za ki faɗa mini abu uku da ke cikin naki, waɗanda ba za a samu a na wani ba. In suka dace da kati, naki ne."

"Ranka ya daɗe, ni na san manajan wurin nan," in ji Injiniya.

"Madalla. Shi ma abu uku ya faɗa da nasa ya ɓata."

Aka ba Mama kujera. Injiniya ya tsaya a bayanta ya harɗe hannu. Na fara lissafi.

"Akwai turare."

Dattijo ko katin bai taɓa ba. "Goma sha ɗaya ke da turare."

"Littattafai."

"Bakwai."

"Farar rigar aiki, irin ta asibiti."

Ya lashi yatsa ya bi katunan, ya zaro uku ya jera. "Yauwa, mun fara. Ɗaya ke nan."

"Takardar shaidar kwas, a cikin ambulan. Sunana yana jiki, ku buɗe ku gani!"

"Ba ma buɗe ambulan, wannan sirrin mutane ne. Amma biyu suna da ambulan." Ya ture kati ɗaya gefe. "Da alama ku biyu kuka dawo daga karatu. Saura na uku."

Na faɗi shuɗin tawul. Ya ce duka biyun suna da tawul, shi kuma launin tawul bai rubuta ba. Na faɗi cajar waya, ya dube ni ta saman gilashi kamar na zage shi. Na faɗi alewar yaran yayata. Duka biyun da alewa.

"Ke wai ba ki san kayanki ba ne?" in ji Mama.

Dattijo ya ɗaga kati ɗaya yana dubawa. "Wannan akwai wani abu a ciki da ya sa muka tsaya muna kallo, ni da abokin aikina. Mai shi ba zai manta da shi ba. In ba ki tuna ba, 'yata, ba laifi. Ki je, bayan sati uku in ba a samu mai shi ba sai a sake zama."

Sati uku. Litinin kuwa jibi ce. Na dubi ƙofa, na dubi katin. Wata uku na karatu, da shekara biyar ina jiran ƙarin girman nan, ga su a gefe ɗaya. A ɗaya gefen ga fuskar Mama.

"Akwai takalmi," na ce, muryata can ƙasa.

"Na mata ko na maza?"

"Na maza."

Wayyo Allah, da kun ga fuskar Injiniya. Ta washe gaba ɗaya. Ya gyara tsayuwa, ya dubi Mama, Mama ta yi murmushin da na shekara ban gani ba.

"Lamba?"

"Arba'in da biyu."

"Ni arba'in da biyar nake sawa," in ji Injiniya yana dariya, "amma ba komai, niyya ce abin dubawa."

Wallahi tausayinsa ya kama ni a lokacin. Dattijo bai yi dariya ba. Ya cire gilashi ya bar shi yana lilo a ƙirji.

"Takalmin maza ba abin mamaki ba ne, 'yata. Mene ne daban a jikin wannan?"

Na ji gumi yana bin bayana. Na kafa ido a kan teburin.

"Ƙafar hagu ta fi ta dama tudu. Da yatsa biyu. Haka aka ɗinka shi."

Dattijo ya ajiye katin, ya shiga tsakanin kantocin, ya jawo akwatina. Jan ƙyallen ma babu, ya tsinke a hanya. Ya ɗora shi a tebur ya ce in buɗe in tabbatar. Ga ambulan ɗina a sama, lafiya lau. Ban kai ga tawul ba hannun Mama ya riga nawa. Ta warware, ta jera takalman biyu a kan tebur, ta sunkuya tana kallon ƙasansu. Duk unguwarmu mutum ɗaya ne zai sa wannan takalmi, kuma Injiniya ma ya san shagon, can ya kai agogon da yake taƙama da shi.

"Aiki mai kyau," in ji dattijo yana miƙo mini biro. "Sa hannu a nan."

Muka kama hanya. Mama ta riƙe takalman a cinyarta har gida. Injiniya, Allah ya saka masa, shi ya sauke akwatin ya kai har bakin ƙofa. Ya ce wa Mama a huta gajiya. Ni kuma ya dube ni ya ce, "Da kin faɗa mini, Auta." Ranar ba a tambaye ni ko na ci abinci ba.

Na shige ɗaki na zauna a bakin gado, ko mayafi ban cire ba. Na jira kira har rana ta yi sanyi. Wajen ƙarfe biyar na ji, "Auta!"

Tana zaune a falo, daidai ƙarƙashin agogon bango, takalman a kan ɗan teburin gabanta. Na durƙusa a kan kafet.

"Agogon nan tun kafin a haife ki yake gidan nan," ta ce. "Bai taɓa ko tari ba. Bara kaɗai sau huɗu ya kwanta asibiti. Kin ɗauka ni yarinya ce?"

"Mama, ki yi haƙuri..."

"Ban gama ba." Ta ɗauki ƙafar mai tudu ta juya ta. "Wa ya ce miki hagu ce?"

Na ɗago. "Na'am?"

"Ta dama ce gajeriyar."

"A'a Mama, hagu ce. Ai in yana tahowa ta nan yake sauka." Na ɗaga hannuna na hagu, kamar yadda na yi wa tsohon. Hannun yana sama abin ya faɗo mini. Hagun tawa ce. In mutum yana fuskantarka, hagunka damarsa ce. Na ji kamar in nutse a cikin kafet.

"Ke kina ganinsa ta gaba, in zai zo," in ji Mama. "Ni ta baya nake ganinsa, in zai tafi, daga tagar ɗakina. Kina karɓar agogo ki turo ƙofa kamar an biyo ki. Shi kuwa in ya kai wajen turken lantarkin can sai ya tsaya, ya dafa bayansa ya huta, ya waiwayo ya kalli ƙofar da kika rufe. Sau huɗu ina gani. Shekara guda kina cewa kina son mutum, ba ki taɓa tafiya a gefensa ba balle ki san ƙafarsa."

Na fashe da kuka. Ba na tsoro ba, na kunya. Duk zagin da na shirya sha, babu wanda ya kai wannan zafi.

"To Mama, me kika ce?"

"Ban ce komai ba tukuna. Ni ma bayansa kaɗai na sani." Ta miƙe, ta ɗaga hannu ta sauko da agogon bangon, ta ɓalle murfin, ta zare batir da kanta ta jefa a aljihun rigarta. "Ga shi ya sake lalacewa. Ki je ki taho da mai gyara, ya duba shi a nan, cikin falo. Ba waya na ce ba. Da ƙafarki za ki je, ku taho tare." Ta tura mini takalman. "Wannan kuma ke za ki yi masa bayani da bakinki."

Ina saka su a leda wayarta ta fara ruri a kan kujera. Na ga sunan: aminiyarta ce, mahaifiyar Injiniya. Mama ta daɗe tana kallon wayar, ta ja dogon numfashi.

"Ke tafi," ta ce. "Wannan tawa ce."

Na wanke fuska na fita. Layin cike da mutane, masu dawowa daga aiki, masu zama a ƙofar gida. Na same shi yana ƙoƙarin rufe shago. Da na ce Mama ce take kiransa, cikin falo, sai mukulli ya faɗi daga hannunsa. Ya dubi rigarsa, ya karkaɗe ta, ya ɗauki 'yar jakar kayan aikinsa.

"Ki yi gaba, zan biyo ki," ya ce, kamar yadda ya san zan so.

"A'a. Tare."

Na zagaya na tsaya a damarsa. Muka taka, ido ya yi caa a kanmu. A taku na biyu kafaɗarsa ta sauko wajena, har hannun rigarsa ya gogi mayafina. Mama ta yi gaskiya.

Mun kusa turken lantarkin ya dubi hannuna.

"Auta, mene ne a ledar?"